Abin da gam ɗin tiyata ya koya mini a kan gwiwa

Na daɗe ina aikin jinya a sashen ƙashi kafin in ga gwiwar da aka yi wa tiyata babu zare ko ƙarfe a samanta. Abin da muka saba gani shi ne jerin ƙananan ƙarafa, irin na maƙale takarda, tun daga saman ƙoƙon gwiwa har zuwa kan ƙwauri, waɗanda muke cirewa ɗaya bayan ɗaya idan an yi kimanin mako biyu, majiyyaci yana cije leɓe mu kuma muna ta yi masa sannu. Sai ga wata Hajiya da 'ya'yanta suka kai Indiya aka sauya mata gwiwar dama da ta ƙarfe, bayan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsinta har ta koma yin salla a zaune. Da na ɗaga bandejin sai na tarar da wani siririn ƙyalle mai raga-raga kamar gidan sauro, manne a kan wurin da aka yanka, samansa yana ɗan ƙyalli. Na tambaye ta ranar da aka ce a warware ɗinki, ta ce, "'Yar nan, ai ni ba a yi mini ɗinki ba, liƙe ni aka yi."

Na yarda da maganarta a lokacin, kuma wannan ne kuskurena na farko. Sai daga baya, da aka fara amfani da gam ɗin a wurinmu na tsaya a ɗakin tiyata na ga yadda ake rufe gwiwa, na gane cewa an yi wa Hajiya ɗinki hawa-hawa, ba ta dai gan shi ba ne. Likita yakan fara da ɗinke jakar gaɓar da ya tsaga don ya isa ga ƙashi, da zare mai ƙarfi, sannan ya ɗinke kitsen da ke ƙarƙashin fata, sannan ya bi ta cikin fatar kanta da siririn zaren da jiki yake narkarwa. Gam shi ne na ƙarshe, kuma ba a shafa shi sai leɓunan yankan sun haɗu daidai, jini ya tsaya, fata ta bushe. Aikinsa shi ne ya zama murfi, ya toshe hanyar ruwa da ƙwayoyin cuta, amma nauyin da ke jan fata duk lokacin da aka lanƙwasa ƙafa, zaren ciki ne yake ɗaukarsa. Shi ya sa likitoci da yawa suke rufe gwiwar tana lanƙwashe, domin masu gashin ƙashi za su fara motsa ta tun ranar farko ko ta biyu, suna neman ta kai digiri 90 cikin 'yan kwanaki, kuma abin da aka liƙe ƙafa tana miƙe yana iya ɓallewa da zarar an tanƙwara ta. Ana kuma kiyaye kada gam ya gangara cikin yankan, saboda idan ya shiga tsakanin fata da fata sai ya zama katanga ya hana su haɗewa.

Majiyyata sukan tambaye ni ko sufa gulu ne irin na kasuwa. 'Yan gida ɗaya ne, amma halinsu ya bambanta. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Amurka, Harry Coover, ya ci karo da sinadarin sayanoakirilet a 1942, aka fara sayar da shi a matsayin gam a 1958, kuma likitocin sojan Amurka sun yi amfani da wani nau'insa wajen tsayar da jini a yaƙin Biyetnam. Na kasuwa yana bushewa ya yi tauri ya tsage, kuma yana saurin ruɓewa ya saki sinadarin da ke ƙona nama. Wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998 da sunan Dermabond an tsawaita ƙirar ƙwayarsa, don haka yana da laushi, yana bin motsin fata, kuma a hankali yake ruɓewa. Wanda na gani a gwiwar Hajiya, mai haɗe da ragar nan, shi ne ake kira Prineo. Dukansu suna fitar da ɗan zafi a lokacin da suke daskarewa.

Amfaninsa a bayyane yake, ba sai na tsawaita ba. Babu ranar cire ƙarafa, babu ɗigo-ɗigon tabon da suke bari a gefe biyu, kuma majiyyaci yana iya watsa ruwa da wuri idan likitansa ya ba shi izini, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai son tsarki. Tsadarsa ce dai ta sa har yanzu ƙarafa da zare suka fi yawa a asibitocinmu, kuma ni a ganina gwiwar da aka ɗinke da kyau da ƙarafa ta fi wadda aka yi wa ɗinkin gaggawa aka lulluɓe da gam mai tsada.

Darasi na biyu hunturu ne ya koya mini shi. Wani dattijo da aka sallama gam ɗinsa lafiya lau ya dawo bayan kwana biyar ragar ta ɗaɗɗago, gefenta ya yi baƙi da ƙura. Da na bincika sai matarsa ta ce ta ga ƙafar ta yi furu-furu ne, shi ne take shafa masa basilin safe da yamma, wani lokaci man kaɗanya. Ba laifinta ba ne, domin na gaya musu kada a goga soso a wurin, kada a jiƙa shi a ruwa, kada a ɓamɓare shi, amma ban ambaci mai ba, alhali basilin ne mu kanmu muke shafawa idan muna so mu sassauta gam ɗin mu cire. Allah ya taimaka zaren ciki ya riƙe. Tun daga ranar nake lissafa musu da suna: basilin, man kaɗanya, man zafi, man shanu, har da maganin shafawa na kemis, kuma mai jinyar nake gaya wa, domin hannunta ne yake taɓa ƙafar.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na uku, kuma a kan Hajiyar nan ta farko ya faru. Bayan shekara guda aka sauya mata gwiwar hagu, aka sake rufewa da irin wancan gam, tunda karon farko bai ba ta matsala ba. Kafin mako ya cika aka kawo ta gwiwar ta kumbura, fatar ta yi duhu, ga ƙananan ƙuraje masu ruwa suna tsattsafowa. Gabana ya faɗi, domin babu abin da ma'aikacin ƙashi yake tsoro kamar ƙwayar cuta ta shiga gaɓar ƙarfe. Abu ne da yakan sami kusan mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, amma idan ya faru yakan kai ga a sake buɗe gwiwa a wanke, ko ma a cire ƙarfen gaba ɗaya a yi makonni ana allurai kafin a sa wani. Har na fara shirya hannunta don ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai likitan da ke bakin aiki ya ce in dakata, ya ja kujera ya zauna a gabanta.

Ya ce, "Hajiya, ciwo yake yi miki ko ƙaiƙayi?" Ta ce, "Likita, ƙaiƙayi ne kamar in cire fatar, ko barci ba na yi." Ya lanƙwasa gwiwar a hankali, ba ta yi ƙara ba. Jikinta babu zazzaɓi. Sannan ya haska fitilar wayarsa daga gefe ya ce in duba siffar abin, sai na ga ƙurajen sun tsaya ne daidai inda raga da gam suka taɓa, dogo mai kusurwa huɗu, gefensa a miƙe kamar an ja layi da rula. Ya ce ƙwayar cuta ba ta zana layi haka. Jikinta ne ya ƙi gam ɗin, kuma irin wannan ƙin yakan ɗauki kwanaki kafin ya fito, sau da yawa kuma a haɗuwa ta biyu yake tsananta, saboda a gwiwar farko ne garkuwar jikinta ta san sinadarin ta riƙe shi. Littattafan da muka karanta suna cewa a nemi jan fata, amma a baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai, sai dai duhu da sheƙi da kaushin da yatsa yake ji.

Duk da haka bai yi sakaci ba, ya sa aka ɗebi jini don auna alamomin kumburi, domin ƙuraje masu fashewa a gefen sabon yanka ƙofa ce ga cutar da muke gudu, musamman idan farce ya shiga. Muka jiƙa ragar da basilin muka ɗaye ta a hankali, muka goge ragowar gam ɗin, ya rubuta mata maganin shafawa mai rage kumburi a kewayen yankan ba a kansa ba, da ƙwayar rage ƙaiƙayi, muka yanke mata farce. Cikin mako biyu fatar ta lafa, ta koma wurin masu gashi, sai dai duhun wurin ya daɗe bai washe ba.

Yanzu kafin a shiga da kowa tiyata nakan tambaya ko an taɓa liƙe masa rauni da gam, ko filasta tana sa masa ƙuraje, ko yana yawan aiki da sufa gulu kamar masu gyaran takalmi da waya. Mata kuma nakan ƙara da tambayar farcen kanti da gashin ido na liƙawa, domin gam ɗinsu dangin wannan sinadari ne, kuma na lura sai na rage murya, 'yan rakiya sun ɗan matsa, sannan nake samun amsar gaskiya. Hajiya kuwa da kaina na rubuta sunan gam ɗin da jan biro a bangon fayil ɗinta, na kuma rubuta shi a wata 'yar takarda na ba babbar 'yarta, na ce ta ajiye ta tare da katin asibiti.