Zango Huɗu a Gaɓar Kogin Kolorado

Tun a watan Disamba muka fara shirin, tafiyar kuma sai farkon Yunin 2023. Mu shida ne: ni da uwargida, yara uku, da Hajiya mahaifiyata wadda ta zo mana ziyara daga Kano. A Las Begas muka yi hayar irin motar nan mai ɗaki a ciki, wadda Amurkawa ke kira RV. Akwai gadaje, da murhun gas, da firji, da ɗan banɗaki. Hajiya ta leƙa ko'ina, ta zauna ta ce, "To, yanzu ina za a yada zangon?" Tambayar da ta riƙa bin mu ke nan har kwana tara.

Zangon farko ni na zaɓa, kuma da taswira na zaɓa. Na ga sansanin Boulder Beach a bakin Tafkin Mead, na ce ga ruwa ga wurin kwana, me ya rage? Tafkin nan ruwan Kogin Kolorado ne da madatsar Hoover ta tare, wadda aka gina tsakanin 1931 da 1936, tsayinta mita 221. Babu tafkin madatsa a Amurka da ya kai shi girman ciki. Amma da muka iso da la'asar, abin da ya fara ɗaukar idona farin zane ne da ya kewaye duwatsun kamar an shafa musu farar ƙasa. Nan ne ruwa yake kaiwa a da. A Yulin 2022 ya sauka zuwa kusan ƙafa 1,040 bisa doron teku, mafi ƙaranci tun cikarsa a shekarun 1930. Saboda haka daga inda muka ajiye mota zuwa inda ruwa yake a lokacin, tafiya ce mai nisa kan tsakuwa, ba inuwa ko ta kara. Hajiya ba ta ko gwada ba.

Wurin kansa mai tsabta ne, da itatuwan turare da famfuna da banɗakuna. Abin da babu shi ne wutar lantarki a inda mota ke tsayawa. An rubuta haka ƙarara a Recreation.gov, shafin da ake kama wurin zango, ni ne hankalina yake kan hoton ruwa. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki da batirin mota, sai da janareta, dokar wurin kuma daga goman dare zuwa shidan safe ba a tayar da shi. Motar ta wuni tana shan rana, ta kwana tana amayar da zafin. Wajen ƙarfe biyu na iske Hajiya zaune a bakin ƙofa tana fifita da murfin kwali, ƙafafunta sun kumbura.

"Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne."

"Allah Ya yi maka albarka, je ka kwanta. Ba mu ga Afrilun Kano ba?"

Ban kwanta ba. Gari na wayewa muka koma wani sansani na 'yan kasuwa da ke maƙwabtaka, inda kowace mota ke da soket ɗinta da bututun ruwa da na kazanta. Kuɗin ya fi yawa sosai, motoci kuma jere suke kamar a tasha, amma tsohuwa ta yi barci. Da sassafe na kai yaran hanyar tsohon layin dogon da ya yi jigilar kayan gina madatsar, suka ratsa ramukan dutse biyar suna ihu suna jin amsa-kuwwa. A bakin ruwa akwai rumfar aron rigunan kariya daga nutsewa kyauta. Na sa wa kowannensu, don babu mai gadin masu iyo a wurin, iska kuma kan taso ba sallama.

Wani abu da ba wanda ya faɗa mana shi ne lissafin ruwa. Motar tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Wanda ya ƙera su bai yi tunanin gidan da mutum shida ke alwala sau biyar a yini ba. Cikin kwana biyu tankin wanke-wanke ya cika. Daga nan muka koma cika buta muna alwala a waje, kuma kafin mu kama kowane zango sai uwargida ta tambaya: akwai wurin juye tanki? Nawa ne nisan famfo?

Zango na uku ita ta zaɓa, shi ne kuma ya fi duka. Sansanin Watchman ne a gandun Zion da ke jihar Utah. Ana buɗe rajistarsa wata shida kafin ranar, wuraren kuwa ba sa daɗewa, shi ya sa ta zauna gaban kwamfuta tun Disamba. Ba hoto ta duba ba. Ta nemi layin da ke da wuta, ta auna tsayin motar da tsayin filin, ta zaɓi wanda ke kusa da banɗaki amma ba daf da shi ba, saboda ƙarar ƙofa da dare. A nan an hana janareta gaba ɗaya, don haka dare shiru ne sai ƙarar Kogin Virgin. Manyan itatuwa sun yi mana rumfa, jajayen duwatsu sun tsaya a kanmu. Mota ba ta motsa ba har kwana uku, domin bas ɗin kyauta da ke shiga kwarin yana tashi ne daga ofishin baƙi, 'yan taku kaɗan daga wurinmu. Hajiya ta shimfiɗa darduma a gindin itace, nan take sallah, nan take jan carbi, nan take tsokanar babban jikanta da "maigidan da ko shayi bai iya haɗawa ba". Wata dattijuwa Baturiya daga motar da ke gefenmu ta riƙa kawo kujerarta suna zama tare, ba wadda ke jin yaren 'yar'uwarta.

Da za mu fita ta gabas, sai da muka biya dala 15 aka tsayar da motocin ɗaya hannun, muka bi tsakiyar ramin dutsen da aka buɗe a 1930, saboda faɗin motarmu.

A Tafkin Powell yaran suka nace sai Lone Rock, inda ake shiga da mota har bakin ruwa a kwana kan rairayi. Na tsaya a ƙarshen kwalta na sauka na taka. Ƙafata ta nutse har idon sawu, can gaba kuma ga wasu suna haƙa ƙarƙashin tayar motarsu da shebur. Uwargida ta ce, "Malam, da Hajiya a ciki?" Muka yi wasan ruwa na awa biyu, muka wuce sansanin Wahweap kusa da garin Page, inda akwai wuta da wurin wankin kaya. Tsakanin wuraren biyu 'yan mintuna ne, amma ɗaya a Utah ɗaya a Arizona, kuma da bazara agogonsu ya bambanta da awa guda. Wayoyinmu suka rikice, kowacce da lokacinta. Hajiya ta dubi inuwar motar ta ce La'asar ta yi.

Da yamma muka zauna muna kallon tafkin da madatsar Glen Canyon ta tara. An fara tare ruwan a 1963, bai cika ba sai 1980, ga shi nan ma da irin wancan farin zanen. Hajiya ta daɗe tana duban sa, sannan ta ce ya tuna mata da madatsar Tiga a ƙarshen rani. Ta ce in muka dawo, a kai ta wurin itatuwan nan, a kama mata filin da ke gefen kogi. Uwargida ta buɗe littafinta ta rubuta lambarsa.