Gadin Tankin Ruwa a Jidda

Aikin da na samu bayan saukata Jidda shi ne gadin wani bene mai hawa huɗu. Kafin a miƙa mini makullin ƙofa, sai da aka ɗaga mini murfin tankin da ke ƙarƙashin ƙasa, aka nuna mini injin da ke tura ruwa zuwa wani tankin a kan rufi. A unguwarmu ruwan famfo yana da ranakunsa, in ya zo a cika tanki. In ya ƙare kafin zagayowarsa, sai a kira motar ruwa, wadda a nan ake ce wa wayit. Yawancin aikina ke nan: leƙa tanki da sauraron ƙarar inji.

A garinmu can ƙasar Katsina, damuwa uku ce, wuta da ruwa da abinci, kowacce da gidanta. Wuta ta ɗauke, rijiya na nan. Rijiya ta ja baya, akwai gero a rumbu. A Jidda kuwa tamkar sarƙa suke, ka taɓa ɗaya duka su motsa. Birni ne na mutum kusan miliyan 4, ba kogi ko ɗaya, ruwan saman da yake samu a shekara bai cika kai milimita 100 ba, abin da Kano kan ninka a watan Agusta kaɗai. Ruwan da muke wanka da shi na Bahar Maliya ne da aka cire wa gishiri, kaso mai yawa daga Shu'aiba, kimanin kilomita 100 kudu da birnin, inda Makka da Ɗa'ifa ma suke sha. Tsofaffin injinan wurin mai suke ƙonawa: tururi ya juya injin lantarki, zafin da ya rage ya dafa ruwan teku. Sababbin kuma matse ruwan suke ta cikin mataci mai ƙananan ƙofofi, matsin da lantarki ke bayarwa. Ko ta ina aka bi, sai an ƙona wani abu kafin buta ta cika. Ga turo shi cikin bututu, ga hawar da shi rufi da ɗan injina.

Da bazara rana kan dafa tankin rufi har ruwan ya gagara taɓawa da azahar. Dabarar mutanen gari ita ce su kashe hita, ruwan da ya kwana a cikinta a inuwar banɗaki ya zama shi ne mai sanyi. Lokacin ne kuma kowace taga AC ke ruri dare da rana, shi ke cinye mafi yawan wutar gida. Tun da aka ɗaga kuɗin lantarki a Janairun 2018, ƙaramin matakin kuɗin ya tashi daga halala (kwabon Saudiyya) 5 zuwa 18, takardar wutar injin ruwa da fitilun matattakala ta zama abin da masu haya ke muhawara a kai kowane wata, ni kuwa ina tsakiya.

Wanda ya ganar da ni sauran zancen wani dattijo ne Bahaushe haifaffen Makka, muna haɗuwa a masallaci. Na taɓa yi masa ƙorafin cewa komai na kasuwar nan baƙo ne: shinkafa ta Indiya, kaji na Birazil, raguna daga Sudan da Somaliya. Ya ce, "Ɗana, ai mun taɓa noma alkama har muka sayar wa duniya." Na ce, "Baba, a wannan yashin?" Ashe gaskiyarsa ne. A 1992 Saudiyya ta girbe alkama wajen tan miliyan 4, da ruwan da aka zuƙo daga can ƙarƙashin hamada, ruwan da ya taru tun dubban shekaru kuma ba damina mai mayar da shi. Da ƙasa ta fara nuna gajiya, gwamnati ta yanke a 2008 cewa za ta riƙa rage sayen alkamar gida, a 2016 aka rufe shirin. Ciyawar dabbobi ma an taƙaita nomanta. Kamfanin madara na Almarai ya sayi gona a jihar Arizona ta Amurka a 2014, yana noma ciyawa a can, jirgin ruwa ya kawo wa shanunsa. Wato kindirmon da nake karya kumallo da shi, ruwan wata nahiya ne ya raini saniyarsa.

A ganina shawarar daina alkamar daidai ce, ko da ta zo a makare. Abin da ba ya kwanta mini shi ne yadda ake wasa da abin da ya sha wannan wahala kafin ya iso. Ana wanke mota da tiyo a sake. Bayan walima, farantan kabsa, wato dafa-dukar shinkafa da nama, da ko rabi ba a ci ba nake kwashewa zuwa bola, kuma da yawa daga kajin ciki sun yi makonni a sanyi tun daga jirgi zuwa tashar Jidda, zuwa sito, zuwa firjin kanti. Ba na iya yin shiru, wani lokaci nakan ware mai kyau in kai wa masu shara.

Ni dai na sama wa kaina hanya. Ruwan da ke ɗiga daga AC ɗin gidajen sama nake tarawa a bokiti, shi nake ba ramar da na shuka a tsofaffin robobin fenti bayan ɗakina. Sauran kayan miya kuwa daga gida suke zuwa a jakar masu Umara: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji. Ba ruwansu da firji, sukan kai ni wata shida. Matar Baba ta ji labari, yanzu duk zuwan kaya sai ta aiko jikanta da kwano, ni kuma a dawo mini da shi cike da tuwon shinkafa ranar Juma'a.