Tarihin Rayuwata, Kashi na Biyar: Shekarar da Aka Tashe Mu Daga Tunga

Makon jiya na tsaya a inda mahaifina ya bar garinsu, can arewa da Kaura Namoda, saboda gonar gado ta yi wa 'yan'uwa kaɗan. Tun da jirgin ƙasa ya iso Gusau da Kaura a 1929, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi, kowa sai neman fili yake. Baba da wasu magidanta suka kai wa dagaci goro, ya nuna musu daji ya ce su je su sara. Haka tungarmu ta kafu, kuma a nan aka yanke cibiyata.

A al'adarmu, wanda ya sari daji da izinin mai ƙasa, gona tasa ce, 'ya'yansa su gada. Turawa kuwa tun 1910 sun yi doka cewa duk ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, wai yana riƙe da ita ne don amfanin 'yan ƙasa. Daga baya dokar daji ta ba En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, ikon yanka gandun daji, inda ba noma, ba saran itace. Tsofaffin garuruwan da gandu ya rutsa da su, wasu akan shata musu iyaka a bar su. Sababbin zama irinmu kuwa, 'yan kama-wuri-zauna aka ɗauke mu. A tungarmu ba wanda ya taɓa jin wannan doka.

Farkon shekarun 1950 ne, ina yaro mai kiwon awaki, malamin daji ya zo da leburori suna sharar layi, suna kafa turakun siminti. Ɗaya suka kafa gabas da rijiyarmu, mu yara har hawa kai muke yi muna tsalle.

Da damina ta ja baya sai ga Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi, hakimi na biye da shi da dogarai. Aka ajiye masa kujera a gindin tsamiya. Baba ya shiga ɗaki ya ɗauko gafakarsa, ya zazzage takardun haraji a kan tabarma, wasu har gara ta ci gefensu. Ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, in ba mu da zama nan, harajin mi munka biya?" Masinja ya fassara wa Di'o maganar. Baturen ya ɗauki takarda ɗaya ya duba, ya ce wannan shaidar biyan haraji ce, ba shaidar mallakar ƙasa ba. Aka waiwayi dagaci, ya rantse shi aron wuri kawai ya ba su.

Har yau dagacin nan na fi jin haushi. Bature baƙo ne, taswirarsa ya sani. Shi kuwa ya ci goron, kuma kowace kaka sai an kai masa damin gero. To, amma da na girma na ga yadda ake tuɓe rawani a zamanin En'e, na san abin da ya tsorata shi.

Aka ba mu wa'adi zuwa bayan girbi, diyya ko anini. Ranar tashi 'yan doka suka zo da jajayen huluna suka tsaya. Maza suka ɗaga jinka, mata suka yi ta kwasar hatsi daga rumbu suna ɗurawa a taiki. Jakuna ba su isa ba, Inna ta bar randarta babba da dutsen niƙa. Kakata ta ƙi motsawa daga bakin kabarin mijinta, sai da Baba ya tsuguna ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, duk ƙasa ta Allah ce," sannan ya goya ta. Muna kan tudu muka hango hayaƙi.

Mutanen tunga suka watse, wasu suka nufi Shinkafi, wasu suka koma gidajen dangi. Mu Gusau muka dosa, inda Baba, manomin da rumbunsa bai taɓa ƙarewa ba, ya shiga dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgi. Yadda aka kai ni makarantar elementare ba da son ransa ba, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.