Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar Bureba

Wancan satin na tsaya muku a inda muka shiga ajin ƙarshe na kwaleji, ajin da ake rubuta jarrabawar BEPC, bureba ke nan.

Ana tsakar zafin bazara aka yi mana jarrabawar gwaji. Tun kafin a raba takardu, wani mushe, wato malami, ya ce makinta ba zai shiga ko'ina ba, aune kawai ake son yi. Maganar nan ita ta kashe jarrabawar. Rabin aji suka miƙa takarda lokaci bai yi nisa ba, suka koma inuwar dogon yaro. Da sakamako ya fito, 'yan tsiraru ne suka kai 10 cikin 20, aka yi ta cewa ajinmu daƙiƙai ne. Ni dai har gobe ban yarda ba. Abin da aka auna ran nan, wa ya ga dalilin wahalar da kansa.

Abokin zamana a tebur, ɗan unguwar Birni a Zinder, ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Shi ke warware mini abin da ya gagare ni. Amma wansa ya gama jami'a, ga shi yana kabu-kabu, kullum kuma a fadar samari ana yi masa ba'a da digirinsa. Yaron ya riga ya yanke cewa boko ba ta biya. Nakan ga ya karanta tambaya, ya san amsarta sarai, ya rubuta layi biyu ya kife biro.

Ni kuwa Baba ne ya kira ni bayan isha'i.

"Kai, in ka ci, lise Amadou Kouran Daga. In ka faɗi, ga rumfa can kasuwar Dole tana jiranka."

"To, Baba."

Na san rumfar nan, na san nauyin buhun gero a wuya. Daga ranar, in na gama turo kurar ruwa da yamma (wanda ya zauna Zinder ya san ruwa aiki ne), sai in ɗauki kaye, littafin rubutuna, in nufi gindin fitilar titi, sauro na cizo ina bitar lissafi.

Damina ta faɗi, muka rubuta. Yadda muka tsaya a rana ana kiran sunaye, da abin da abokina ya ce mini a bakin ƙofa, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.