Ranar da wata ɗaliba ta tsayar da dariyarmu

A hutun daminar bara na tara ɗalibaina takwas na lise a nan Tahoua muna karanta littattafan Harry Potter a fassarar Faransanci, kuma ban da gogewar harshe babu abin da na sa a gaba. Littafi na biyu bai ba mu wahala ba. Yaran sun gane nan take cewa zagin da ake yi wa Hermione, ƙawar Harry, na mai ƙazamin jini, don iyayenta ba masihirta ba ne, ɗan'uwan abin da ke faruwa ne a garinmu idan ɗan maƙeri ko ɗan mahauci ya je neman aure aka ce sai an binciki asali. A nan marubuciyar tana bayan wanda aka zaga.

Littafi na huɗu, wanda ya fito a 2000, shi ya tsayar da ni. Akwai wasu ƙananan halittu da ke yi wa masihirta bauta ba lada, ba sa samun 'yanci sai ubangidansu ya miƙa musu tufa. Daga cikinsu, Dobby ya yi murna da nasa 'yancin, amma Winky da aka sallama ta faɗa shaye-shaye don baƙin ciki, kuma da Hermione ta kafa ƙungiyar kare su, abokanta suka mai da ita abin dariya. Mu ma muna cikin dariyar, sai wata ɗaliba daga wajen Ƙwanni ta ce, "Mushe, ai haka ake cewa a kan wahaya, wai ita ce ba ta son tafiya."

Na yi shiru, domin gaskiya ta faɗa; wahaya ita ce macen da ake saye a matsayin baiwa, mai gida ya ajiye ta kamar matarsa ba tare da aure ba. A jiharmu aka sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana 'yar shekara 12, kuma duk da dokar 2003 da ta mai da bauta laifi, sai a 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta kama gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Hujjar cewa bawa ya gamsu da halinsa tsohuwa ce a wurinmu, kuma daga bakin mai gida take fitowa. Ni da na san wannan duka, sau uku na karanta littafin ban ji ta ba, saboda an saka ta a bakin halittar da ba mutum ba.

Ban hana su karatun ba, har gobe ina son labarin. Abin da na sauya shi ne, a ƙarshen kowane babi muna tambayar wa aka yi wa dariya, wa kuma ya dafa abincin da jarumai suka ci. Da muka kai ƙarshen littafi na bakwai, bayan an gama yaƙi Harry yana tunanin ko Kreattur, ɗaya daga cikin waɗannan halittu masu bauta, zai kawo masa abin ci, yara uku suka ɗaga hannu tun ban tambaya ba.