Abin da Makiyayarmu ta Koya Mini Cikin Shekara Tara

Lokacin da na karɓi ragamar kula da makiyayarmu, shimfiɗaɗɗen fili ne marar bishiyoyi wanda ruwan samansa ba ya wuce milimita 350 a shekarar da aka yi sa'a, kuma abin da na fara yi shi ne kuskuren da har yau nake biyan bashinsa. Na ga ƙasa baƙa mai laushi a ƙarƙashin ciyawa, sai na sa garma na kife hekta 40 domin in shuka hatsi. Shekara biyu na farko amfanin ya yi kyau har na ɗauka na yi dabara. A ta uku ruwa ya yi ƙaranci, iska ta taso, na tsaya ina kallon ƙasar gonata tana tafiya a sama kamar hayaƙi.

Daga baya na karanta cewa abin da na yi a ƙaramin fili, Tarayyar Sobiyet ta yi shi a babba. A 1954 gwamnatin Khrushchev ta ƙaddamar da shirin nome filayen ciyawa na arewacin Kazakistan da Saibiriya, aka kife miliyoyin hekta, kuma a farkon shekarun 1960 guguwar ƙura ta kwashe ƙasar wurare masu yawa. Masanin noma Aleksandar Barayev ne ya yi fice wajen kawo gyara, da garmar da ke yanka ƙasa ta ƙarƙashi ba tare da ta kife ta ba, a bar tushiyar hatsi a tsaye tana tare iska tana riƙe danshi. Hanyar da na koma ke nan a rabin gonar, sauran rabin kuwa na mayar wa ciyawa.

Dalilin ɓarnar yana cikin saiwa. Ciyawar irin wannan fili mafi yawan jikinta a binne yake, saiwoyin sun sarƙe kamar tabarma, su ne ke ɗaure ƙasa, su ne kuma rumbun da ciyawar ke ɗiba ta yi toho bayan fari ko bayan dabbobi sun cinye ta. Da na gane haka sai na lura cewa tumakina ma suna yin aikin garma, sannu a hankali. Tunkiya ba ta kashe ciyawa da cizon farko. Idan aka bar garke a wuri ɗaya, sai ta dawo kan sabon tohon tun bai yi ƙwari ba, ciyawar ta sake ɗiba daga saiwa, a sake cinyewa, har mai daɗin ta ƙare, ƙaya da ciyawar da dabba ba ta ci su gaje wurin. André Voisin, wani Bafaranshe manomi kuma masani, ya yi bayanin wannan tun cikin shekarun 1950, inda ya nuna cewa tsawon hutun da ciyawa ke samu tsakanin kiwo da kiwo shi ne ginshiƙin al'amarin.

Na raba makiyayar gida 12, garke yana kwana huɗu ko biyar a kowane yanki. Da farko na bi kalanda sau da ƙafa, wanda shi ma kuskure ne, domin a shekarar fari ciyawa ba ta san kwanan wata ba. Yanzu sai na durƙusa na duba tsawonta da yawan ƙasar da ke tsirara kafin in buɗe shinge. Mashaya ta fi komai ba ni wahala, saboda kewayenta ya zama fako tsabar tattaki, sai da na ja ruwa zuwa wurare uku ina juya su. Kowace shekara kuma ina barin yanki ɗaya ya huta gaba ɗaya har ciyawar ta zubar da iri, ina jinkirta yankan ingirici har tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa su ƙyanƙyashe. A shekara ta shida na sake ganin tuji a filin, abin da maƙwabtana tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba.

Abin da ya fi ɗaci shi ne rage garke. Makiyayi yana auna arzikinsa da yawan kawuna, ni ma haka nake, amma na koyi sayar da tsofaffi da raunana da zarar alamun fari sun bayyana, tun suna da ƙiba. Tumakina sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, sai dai 'yan ragunan sun fi nauyi, mutuwa ta ragu, kuɗin sayen abincin dabbobi ya sauka ƙwarai, don haka abin da ke shiga gida ya ƙaru. Wannan ne ya jawo maƙwabta biyu suka haɗa makiyayarsu da tsarin, ba wa'azina ba.

Yankunan da kiwo ya lalata sun farfaɗo cikin shekara huɗu zuwa biyar. Hekta 20 da na kife sannan na mayar wa ciyawa kuwa, ko daga nesa ana gane iyakarsu, domin har yanzu ciyawar da ke mutuwa duk shekara ce ta fi yawa a ciki, kuma bana ma sai da na sake watsa irin da na tsinko daga yankin da garma ba ta taɓa shiga ba.