Kuskuren da aka bari a cikin faifai

Darasi na farko da aikin haɗa sauti ke koya wa mutum shi ne kada ya yi gaggawar gyara abin da ya ji ya kauce wa ƙa'ida. Sautuka da yawa da suka sauya kiɗan zamani sun fito ne daga na'urar da aka yi wa amfanin da ba don shi aka ƙera ta ba. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya tsattsaga sifikarsa, jitarsa ta riƙa fita da kaushi, a haka aka ɗauki "You Really Got Me". To amma tsaga sifika kowa ma zai iya. Wahalar tana wajen gane dalilin da ya sa sautin ya yi daɗi, har a iya maimaita shi gobe.

Gangar nan da ta cika waƙoƙin shekarun 1980, mai tashi kamar aradu ta katse kwatsam, a situdiyon Townhouse na Landan aka tsince ta. Phil Collins ne ke buga wa Peter Gabriel ganga, makirufon da ake magana da makaɗa ta cikinsa yana buɗe, ga kwamfuresa mai matse sauti sosai a kansa. Injiniya Hugh Padgham ya ji abin, ya riƙe shi, aka sa a waƙar "Intruder" ta 1980. Mai son irinsa yau zai kafa makirufo nesa da ganguna don ya kwashi amon ɗakin, ya matse shi da kwamfuresa, sannan ya ɗora na'urar da ke rufe sauti bayan ɗan lokaci. Nan lissafi ke shigowa. Idan waƙa na tafiya da bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 500 ne, don haka a rufe amon wajen milisakan 250 zuwa 300. In ya zarce, zai hau kan bugun gaba kiɗan ya dagule. Kuma makirufon da ke jikin ƙaramar ganga ne ya kamata ya riƙa buɗe na'urar, in ba haka ba ƙarar kuge za ta buɗe ta a inda ba a so.

Wannan lissafin shi ne dai ke aiki a salon dub da King Tubby ya shahara da shi a Kingston ta Jamaika a shekarun 1970. Shi asalinsa mai gyaran kayan lantarki ne. Yakan ɗauki waƙar da aka riga aka gama, ya zare murya, ya bar ganga da bes, can sai ya jefo kalma guda ya sake ta cikin amsa-kuwwa. Don sanin tsawon jinkirin amsa-kuwwar, ana raba 60,000, wato milisakan da ke cikin minti guda, da yawan bugun minti: waƙa mai bugu 75 za ta ba da milisakan 800, kashi uku cikin huɗunsa kuma 600, wanda ke sa amon ya riƙa faɗowa tsakanin bugu. 'Yan koyo sukan sa wa komai amsa-kuwwa, alhali daɗin abin yana cikin gurbin da aka bari fayau.

Ita kuwa TR-808, na'urar kiɗan ganga ta kamfanin Roland, da ta fito a 1980 aka daina ƙera ta a 1983, ƙorafin makaɗa shi ne ba ta yi kama da gangar gaske ba. Gaskiyarsu ce, domin lantarki ne ke haifar da sautinta. Duk da haka a 1982 ita ce a "Planet Rock" ta Afrika Bambaataa da "Sexual Healing" ta Marvin Gaye. Babbar gangarta tana zaune can ƙasa wajen Hz 50 (Hz shi ne yawan girgizar sauti a sakan guda), inda sifikar waya ba ta kaiwa. Ƙara mata ƙarfi ba ya magani, sai dai ya cinye wa sauran kayan kiɗa wuri. A ɗan kausasa ta kaɗan don ta haifi amo a Hz 100 da 150, kunne zai cike sauran da kansa.

Manhajar Auto-Tune ta fito a 1997 don a gyara muryar mawaƙi ba tare da kowa ya sani ba. Shekara guda bayan haka, a waƙar "Believe" ta Cher, aka mayar da saurin gyaran zuwa sifili, muryar ta riƙa tsalle daga wani matakin sauti zuwa wani. Har yau wasu na murɗa shi zuwa sifili su ji babu wannan karyewar. Abu biyu ke jawo haka. Ko dai ba a saita manhajar a kan ma'aunin da aka gina waƙar ba, sai ta ja murya zuwa matakin da ba nata ba, ko kuma mawaƙin ya dira daidai a kan kowane mataki. Dole ya riƙa jan muryarsa a hankali daga wannan zuwa wancan, domin wannan jan ne manhajar ke daddatsewa.